Sabon fotal ba zai gyara jami'a ba muddin ba a san mai alhakin bayanan ɗalibai ba

Duk lokacin da hukumar NYSC ta fara shirin ɗaukar sabon rukunin masu yi wa ƙasa hidima, akwai wasu matasa da barci ke ƙaurace wa. Sun gama karatu, sun ci duk kwasa-kwasansu, sun biya duk abin da aka ce su biya, amma sunansu bai fito a jerin da majalisar jami'a ta amince da shi ba. Wani kuma sunan ya fito, sai dai ranar haihuwar da ke gabansa ba tasa ba ce. Wata an rubuta ta Aisha a JAMB, A'ishatu a fotal ɗin makaranta, Aishat a takardar NIN, na'ura kuma ta ɗauke ta mutum uku daban-daban. Daga nan sai zirga-zirga: sashe ya tura ɗalibi ofishin kula da harkokin ɗalibai, su tura shi sashen kwamfuta, can kuma a ce masa ai abin da aka ba su shi suka ɗora, ya koma inda ya fito. Kafin ya farga an shiga sansani an fito, shi yana gida yana jiran rukuni na gaba.

Jami'ar da wannan ke faruwa a cikinta tana da fotal, ana biyan kuɗinta ta Remita, ana rajistar kwas ta waya, wataƙila ma shugabanta ya sha yanka ƙyalle wajen buɗe sabuwar cibiyar kwamfuta. A takarda ta zama ta zamani. Abin da ya rage mata shi ne wanda ba ya fitowa a hoto: tsarin da ke faɗin wane ne ke da alhakin kowane bayani da aka ajiye game da ɗalibi, wa ke da ikon gani, wa ke da ikon canzawa, kuma ina aka nufa idan an samu kuskure. Jami'o'in Nijeriya sun fi bukatar wannan tsarin a kan kowace sabuwar manhaja, kuma ɗalibai su ne suka fi kowa cancantar matsa lamba a kansa, domin su ne ke kwana a ciki idan abin ya lalace.

Datar da ba a saye da kati

Ga yawancin masu riƙe da waya, data na nufin abin da ake saye a MTN ko Airtel ko Glo, wanda ke ƙarewa ana tsakiyar kallon bidiyo. Akwai wata datar da ta fi wannan tsada, wato bayanan da hukumomi ke ajiyewa game da mutum. Ɗalibin jami'a yana barin irinta a kowane mataki. Tun kafin ya shiga, ya tura lambar NIN ɗinsa mai alƙaluma 11 zuwa 55019 ko 66019 domin samun lambar da zai yi rajistar JAMB, ƙa'idar da ta zama dole tun 2021. An ɗauki hoton yatsunsa da fuskarsa. Da ya samu gurbi, makaranta ta karɓi sakamakon WAEC ko NECO, takardar shaidar ƙaramar hukuma, lambar waya, sunan mahaifi da adireshin gida. Asibitin makaranta ya rubuta rukunin jininsa da duk wata cuta da yake fama da ita. Ofishin kuɗi ya san nawa ya biya da yaushe. Sashensa yana riƙe da makin kowace jarrabawa ta shekara huɗu ko biyar ko shida.

Waɗannan bayanai ba a wuri ɗaya suke ba a jami'o'i da yawa. Ofishin shigar da ɗalibai yana da nasa jerin, ofishin kuɗi yana da nasa, ɗakin karatu da asibiti da masu rabon ɗakunan kwana kowa da nasa. Maki kuwa sau da yawa yana zaune a fayil ɗin Excel cikin laftof ɗin jami'in jarrabawa na sashe, ana yawo da shi a fulash daga wannan ofis zuwa wancan. Kowane jeri wani ne ya zauna ya buga shi da hannu, kuma kowace bugawa dama ce ta kuskure. Idan sunan Muhammad ya bi ta hannu biyar, abu ne mai sauƙi ya fito Mohammed a nan, Muh'd a can, Muhammed a gaba. Ga kuma al'adar da ta yi yawa a Arewa ta amfani da sunan gari ko unguwa a matsayin suna na uku, wanda wani ofis zai sa shi a gaba, wani ya sa shi a ƙarshe, wani ya jefar da shi gaba ɗaya.

A zamanin takarda, ma'aikacin da ya san ɗalibi zai dubi fayil ya gane mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta da wannan hankalin. Harafi ɗaya ya bambanta, ta ce ba shi ba ne. Shi ya sa mayar da aiki kan intanet ba tare da tsabtace bayanai ba yakan ƙara wa ɗalibi wahala: kuskuren da a da yake kwance a cikin fayil yanzu yana tafiya da gudu zuwa Abuja.

Inda aka riga aka ga illar

Ba sai an yi dogon hasashe ba. Lokacin da asusun bai wa ɗalibai rance, NELFUND, ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, sharaɗin farko shi ne makaranta ta riga ta ɗora bayanan ɗalibanta, ta yadda za a tabbatar mai nema ɗalibi ne na gaske. Da aka zo kan makarantun jihohi a watan Yuni, sai da asusun ya ɗage buɗe musu shafin da mako biyu, saboda mafi yawansu ba su kammala miƙa bayanan ba. Ɗan talakan da yake jiran wannan kuɗi domin ya yi rajista bai yi laifin komai ba. Makarantarsa ce ta kasa fitar da sahihin jerin mutanen da take koyarwa a lokacin da aka nema.

Haka batun shigar da ɗalibai ta bayan fage. Tun 2017 JAMB ta fito da tsarin CAPS, wanda ya wajabta kowane gurbin karatu ya bi ta cikinsa. Makarantu da dama sun ci gaba da ɗaukar ɗalibai ba tare da sanar da hukumar ba, ɗaliban kuma ba su gane ba sai da suka kammala aka nemi sunansu a jerin JAMB aka rasa. Dubban matasa sun ɓata watanni suna neman a halatta musu gurbin da suka riga suka gama karatu a kansa.

Sai kuma labarin da ya girgiza ƙasa a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin kimanin mako shida, har ya samu shiga NYSC da shi, alhali ya taɓa yin hidimar a baya. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. An fi mayar da hankali kan jami'ar ta waje, amma tambayar da ta fi ciwo tana gida: ta yaya mutum ɗaya, mai yatsu iri ɗaya, ya wuce ta hukumomi da yawa ba tare da rumbun bayanan ɗaya ya tambayi ɗaya ba? Duk wanda ya yi karatun gaskiya ya yi asara a wannan rana, domin darajar takardarsa ta dogara ne ga yadda za a iya bambanta ta da ta jabu.

Abin da shugabancin bayanai ke nufi

Kalmar tana da nauyi a baki, amma abin da ke cikinta tambayoyi ne da kowane ɗan kasuwa mai littafin bashi ya sani. Na farko, wane littafi ne na gaskiya idan biyu suka saɓa? Dole jami'a ta yanke cewa suna da ranar haihuwa suna da tushe guda, wanda ya dace da NIN da JAMB tun ranar da ɗalibi ya shigo, sauran ofisoshi kuma su riƙa ɗauka daga can maimakon kowa ya sake bugawa. Ƙasar Estoniya ta gina gwamnatinta ta intanet a kan wannan ƙa'ida: hukuma ba ta tambayar ɗan ƙasa abin da wata hukumar ta riga ta karɓa, kuma ɗan ƙasar yana iya shiga ya ga wace hukuma ce ta duba bayanansa. Ƙa'idar ba ta bukatar arzikin Turai. Tana bukatar shugaban da zai ce wa ofisoshi su daina ajiye jerin kansu.

Na biyu, kowane rukunin bayani ya kasance da mai shi, mutum mai suna da ofis. Magatakarda ya ɗauki alhakin bayanan shiga da kammalawa, ma'ajin jami'a na kuɗi, shugabannin tsangayoyi na maki, babban likita na lafiya. Kuskuren da jami'o'i ke yawan yi shi ne jibga komai a kan sashen kwamfuta. Injiniyan da ke kula da uwar garke aikinsa ya tabbatar na'ura tana aiki kuma tana da tsaro. Ba shi da hurumin sanin ko ɗaliba ta ci 58 ko 85, kuma bai kamata ya samu ikon canzawa ba ko da ya sani. Inda aka bar masa komai, sai ya zama shi ne ake zagi a kan kuskuren wasu, shi ne kuma ake bi da ambulan idan ana son a taɓa wani abu.

Na uku, kowane canji ya bar sawu. Idan an gyara maki, tsarin ya rubuta wanda ya gyara, da ranar, da abin da ke wurin a da, da wanda ya ba da izini, ta yadda ko shi mai gyaran ba zai iya goge sawun ba. Wannan kaɗai yana rage kasuwar sayar da maki fiye da kowace lacca a kan tsoron Allah da za a yi wa ma'aikata, domin mai son yin ha'inci ya san sunansa zai tsaya a wurin. Yana kuma kare malamin kirki daga ƙazafi. Fayil ɗin Excel da ke yawo a fulash ba ya ajiye irin wannan sawu. Kowa na iya buɗe shi da dare ya mayar da 39 ta koma 63, gari ya waye ba wanda ya sani.

Na huɗu, a ƙayyade lokaci da hanya ta gyara. Ɗalibin da ya ga kuskure ya samu wuri ɗaya da zai shigar da ƙorafi daga wayarsa, a ba shi lambar bibiya, a faɗa masa kwana nawa za a ɗauka. Idan kamfanin aika kaya zai iya nuna wa mutum inda ƙunshinsa ya kai, babu dalilin da zai hana jami'a nuna wa tsohon ɗalibinta inda takardar cikakken sakamakonsa ta maƙale. Mutane nawa ne gurbin karatu a ƙasar waje ko aikin da suka samu ya kuɓuce musu saboda tiransikirif ya ƙi fitowa a kan lokaci?

Sirrin ɗalibi ba kayan rabo ba ne

Ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne sirri. Har yanzu ana manna sakamakon aji gaba ɗaya a allon sanarwa da cikakken suna, wani ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp. Ana tura jerin ɗalibai mai ɗauke da lambobin waya da ranakun haihuwa cikin guruf mai mutum ɗari biyar. Wakilin aji yana buɗe fom ɗin Google ya tara NIN da lambar asusun banki na kowa, bayan an gama aikin kuma ba wanda ya san inda jerin ya shiga. Ɗalibai mata su suka fi ɗanɗana kuɗar wannan sakaci, domin lambar da aka bayar saboda rajista ita ce baƙo ke kira da tsakar dare. 'Yan damfara kuma da irin wannan jeri suke aiki: wanda ya kira uba ya faɗi cikakken sunan ɗansa da sashensa da ajinsa, ya riga ya ci rabin yardarsa kafin ya nemi a turo kuɗi.

Wannan yanzu ya wuce batun ɗa'a kawai. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce a karɓi bayani domin manufa sananniya, kada a karɓi fiye da abin da ake bukata, a tabbatar daidai yake, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata. Ta ba mai bayanin 'yancin ya nemi a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara kuskure. Ta ware bayanan lafiya da na addini da na ƙabila da na yatsu da fuska a matsayin masu bukatar kulawa ta musamman, kuma jami'a tana riƙe da kusan dukkansu. Idan aka yi kutse mai iya cutar da mutane, dole a sanar da hukumar cikin awa 72. Manyan masu riƙe da bayanai dole su naɗa jami'in kare bayanai, tarar da za a iya ci musu kuma ta kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Ɗalibi zai iya gwada makarantarsa da tambaya ɗaya: wane ne jami'in kare bayananta, kuma ina adireshin imel ɗinsa? Inda aka rasa mai amsawa, an san inda aka tsaya.

Masu kutse ba sa raina jami'a

Akwai masu ganin ɓarayin intanet bankuna kawai suke nema. Jami'ar Maastricht da ke ƙasar Holan ta koyi akasin haka a watan Disambar 2019, lokacin da aka kulle mata na'urori ana dab da hutun Kirsimeti. Kutsen ya faro ne daga saƙon imel na yaudara da aka buɗe watanni biyu kafin nan, kuma har wasu daga cikin kwafin ajiyarta aka kulle saboda suna haɗe da layi ɗaya. Sai da ta biya kusan yuro dubu 200 a kuɗin Bitcoin. A watan Yunin 2020 Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka ta biya sama da dala miliyan ɗaya saboda irin wannan hari. Waɗannan makarantu ne masu kuɗi da ƙwararru. Jami'ar da ma'aikata biyar ke amfani da kalmar sirri ɗaya, wadda aka rubuta a takarda aka liƙa a jikin allon kwamfuta, ba ta bukatar gwanin ɓarawo.

Ba ɓarawo ne kaɗai abin tsoro ba. Gobara, ɗaukewar wuta da ke ƙona na'ura, ko ruwa irin wanda ya mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, kowannensu na iya shafe aikin shekaru idan kwafi ɗaya ne kawai kuma a ɗaki ɗaya. Ƙa'idar da masana ke bi mai sauƙi ce: kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa, sannan a riƙa gwada dawo da shi lokaci zuwa lokaci. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba wanda ya san ko yana aiki sai ranar da aka bukace shi.

Sai batun 'yan kwangila. Jami'o'i da yawa kamfani ne ya gina musu fotal kuma shi ke riƙe da shi. Wannan ba laifi ba ne, amma yarjejeniyar dole ta faɗa a fili cewa bayanan na jami'a ne, a wace ƙasa aka ajiye su, wa zai iya gani, da kuma yadda za a miƙa su cikakku ranar da aka rabu. Inda ba a rubuta haka ba, rikicin kuɗi tsakanin makaranta da kamfani yakan ƙare a kan ɗalibi: a rufe fotal ana tsakiyar rajista, ko sabon kamfani ya zo ya ce kowa ya sake cike komai daga farko, tsofaffin sakamako kuma su bi ruwa.

Uzurin rashin kuɗi

Shugabannin jami'o'i suna da amsa, kuma ba ta rasa gaskiya ba. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga layin Band A a Afrilun 2024, manyan jami'o'i suka shiga kukan ba sa iya biya. Ƙwararrun masu rubuta manhaja suna barin aikin gwamnati zuwa kamfanoni ko ƙasashen waje, domin albashin ba ya riƙe su. Makarantar da ke fama da rufin aji mai yoyo za ta ce batun bayanai ya jira.

Sai dai mafi yawan abin da ake magana a kai shawara ce ta shugabanci, kuɗinta kaɗan ne. Naɗa mai alhakin kowane rukunin bayani takarda ce daga majalisar jami'a. Hana manna sunaye da maki a allo umarni ne. Ba kowane ma'aikaci tasa kalmar sirrin, da rufe asusun wanda ya yi ritaya ko aka canza masa wurin aiki, aikin yini ɗaya ne. Tantance suna da ranar haihuwa a shekarar farko, maimakon shekarar ƙarshe, ma yana rage aiki ne. Jami'o'in nan suna da sassan kimiyyar kwamfuta cike da malamai da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu mai ma'ana. Kuma ana samun kuɗin sayen kwamfutoci da gina cibiyoyi, musamman ta hannun TETFund, domin su ana ganinsu ana ɗaukar hoto. Tsabtace tsofaffin bayanai ba a yanka masa ƙyalle, shi ya sa yake rasa mai tsaya masa.

A tattara komai a Abuja?

Wasu na ganin maganin shi ne gwamnatin tarayya ta karɓe komai ta zuba a rumbu ɗaya. Tarihin kwanan nan ya isa ya sa a yi hattara. Rikicin tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda ƙungiyar ASUU ta ce bai fahimci yadda jami'a ke aiki ba har ta fito da nata mai suna UTAS, yana cikin abubuwan da suka rura yajin aikin 2020 da na wata takwas a 2022. Sai a Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Ɗalibai sun yi asarar watanni a gida, kuma wani ɓangare na gardamar a kan wanda zai riƙe jerin sunayen ma'aikata ne.

Abin da ya faru da JAMB a 2025 ma darasi ne ta fuska biyu. Bayan koke-koke kan sakamako, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito a watan Mayu ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, saboda wani gyaran manhaja da bai hau kan wasu na'urorin yadda ya kamata ba. Fuska ta farko: idan komai na wuri ɗaya, kuskure ɗaya yana kayar da dubban ɗaruruwa a lokaci guda. Fuska ta biyu: an iya bin sawu aka gano cibiyoyin da abin ya shafa da adadin mutanen, aka fito aka faɗa, aka sake musu jarrabawa. Jami'o'i nawa ne za su iya faɗin adadin ɗaliban da kuskure ya shafa, balle su fito su nemi afuwa?

Hanyar da ta fi dacewa ita ce kowace jami'a ta riƙe bayananta da kyau, hukumar NUC da sauran hukumomi kuma su tsayar da ma'auni ɗaya na yadda ake rubuta suna da kwas da maki, ta yadda na'urar jami'a za ta yi magana kai tsaye da ta JAMB da NYSC da NELFUND ba tare da wani ya sake bugawa da hannu ba. Abuja ta tambaya ta samu amsa, amma kada ta zama ita kaɗai ce ma'ajiya.

Wannan ya ƙara zama wajibi yanzu da kowace makaranta ke son a ce tana amfani da ƙirƙirarriyar basira. Manhajar da aka ɗora a kan gurɓatattun bayanai za ta yanke gurɓataccen hukunci ne, cikin sauri kuma da ƙarfin gwiwa, ɗalibin da ta zalunta kuma zai ji an ce masa kwamfuta ce ta faɗa.

Rabon ɗalibi a cikin aikin

Ba duka laifin ke kan ofis ba. Kurakurai da yawa a kafe ake haifarsu, lokacin da yaro ya miƙa wa mai shago takardunsa ya tafi cin abinci, mai shagon ya buga abin da ya ga dama, ya sa nasa imel da lambar waya. Wasu kuma da gangan suke rage shekaru a takarda ɗaya su bar ɗaya, saboda tsoron ƙa'idar NYSC ta shekara 30 ko ta masu ɗaukar aiki, sai abin ya dawo ya cije su. Ɗalibin da ke son kansa zai ajiye takardar NIN da ta JAMB da ta WAEC ko NECO da abin da ke fotal gefe da gefe tun yana aji ɗaya, ya duba harafi bayan harafi. Zai riƙe imel da layin da ya yi rajista da su. Zai sauke fom ɗin rajistar kwas da rasit da sakamakon kowane zango ya ajiye a waya da kuma Google Drive, domin ranar da aka ce maki ya ɓace, mai hujja a hannu shi ake saurara. Ba zai ba kowa kalmar sirrinsa ba, ko aboki ko mai kafe, kuma idan an turo fom a guruf ana neman NIN ko BVN, zai tambayi wanda ya ce a tara da abin da za a yi da su.

Ƙungiyoyin ɗalibai kuma suna da abin da za su ƙara a jerin bukatunsu bayan kuɗin makaranta da ruwa da wuta. Su nemi a buga manufar jami'a kan sirrin bayanai a shafinta da harshen da kowa zai gane. Su nemi a bayyana sunan jami'in kare bayanai. Su nemi a rubuta iyakar kwanakin da za a ɗauka wajen gyara suna, fitar da sakamako da aika tiransikirif, a kuma riƙa faɗa duk zango ƙorafi nawa aka karɓa, nawa aka warware. Duk ɗan takarar shugabancin ɗalibai da ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi matsayinsa a kan waɗannan. Doka ta riga ta ba su ƙafar tsayawa, kuma inda makaranta ta toshe kunne, ƙofar NDPC a buɗe take ga mai ƙorafi.

Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri da suka biyo baya a shekarun 1970, suna riƙe da tarihin karatun miliyoyin mutane, wasu a kwamfuta, wasu a fayilolin da gara da ƙura ke ci. Ginin da aka buɗe bana zai tsufa, manhajar da aka saya za a canza ta cikin 'yan shekaru. Abin da tsohon ɗalibi zai dawo nema bayan shekara talatin shi ne layi ɗaya da ke cewa ya yi karatu a nan, ga abin da ya ci, kuma sunansa ne a rubuce daidai. Shugaban jami'ar da ke son a kira shi mai kawo zamani, a nan ya kamata a fara auna shi.